Sukurun haƙorin da aka dasa min sai kwancewa yake, me ya hana a sa masa gam?

MaiSifana:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana haƙori ko masu aikin ƙarfe ku ɗan fahimtar da ni don abin nan ya fara isata. Shekara biyu da 'yan watanni kenan aka yi min dashen haƙori, matauni na ƙasa ta hagu, irin wanda ake dasa ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi a jira ya kama sannan a ɗora haƙorin a kai. Shekarar farko lafiya lau har na manta ma da shi, sai wata rana ina taɓa shi da harshe naji kamar yana ɗan lilo, ba zafi ba jini, kawai dai in na tauna abu sai naji wani ɗan ƙas a ciki. Hankalina ya tashi na ɗauka ƙarfen ne ya saki daga ƙashi. Na koma wajen likita ya duba yace ba komai sukuru ne yayi sako-sako, ya huda cikon da ke tsakiyar haƙorin ya zaro wani farin abu kamar tef ɗin da masu gyaran famfo ke naɗawa, ya zura wani mitsitsin direba ya murɗa da yatsu ya mayar da ciko, minti 15 an gama. Toh yanzu wata 7 ga shi ya sake.

Ni bakanike ne, na fi shekara 20 ina kwance noti ina ɗaurewa, kuma a wajenmu in noti ya cika kwancewa ai ba a wahala, ko a sa masa washa mai sifirin ko a ɗiga masa gam ɗin tiredi ko in ya ƙi ji a ɗana masa walda kowa ya huta. Me ya hana su yin haka a baki? Sannan abin da ya fi ɗaure min kai, ƙanina ya taɓa karyewa a hannu aka sa masa farantin ƙarfe da sukuru 6, yau shekara 9 ko ɗaya bai taɓa motsi ba, ni kuma ƙwaya ɗaya tal ta gagara. Ƙirar ce daban ko aikin ne ba a yi daidai ba?

UwarBiyu:
Wa'alaikumussalam. Ni ba masaniya ba ce amma dan Allah malam kar ka bar shi yana lilo kana tauna a kai. Haka nawa yayi na riƙa cewa gobe jibi, ƙarshe sukurun ya karye a ciki rabi ya fito da haƙorin rabi ya maƙale can ƙasa, zama biyu aka yi ana fama kafin a fito da guntun, likitan har gumi yake. Kaje da wuri.

ƊanGaggawa:
Ai kawai hannun likitan ne ba ƙarfi, kace ya ɗaure shi tamau har sai ya ƙi juyawa shikenan.

LikitanHaƙori:
ƊanGaggawa a'a ɗan'uwa, wannan shawarar ita ke karya sukuru. Malam MaiSifana tunda bakanike ne kai bayanin zai zo mana da sauƙi.

Abin da ke bakinka kashi uku ne, akwai tushen da ke cikin ƙashi wanda shi titaniyam ne kuma cikinsa rami ne mai tiredi, akwai mariƙi da ke zama a kansa ya ratso dasashi, sai haƙorin da ake gani. Sukurun da ke damunka shi ke haɗa na sama da tushen, kaurinsa bai wuce milimita 1.6 zuwa 2 ba. Kuma yadda yake riƙewa sak yadda bolti na tof silinda, murfin saman injin mota, ke riƙewa ne, wato in ana ɗaure shi miƙewa yake yi kaɗan kamar sifirin, ido baya gani, kuma wannan ƙoƙarin da yake na komawa tsawonsa shi ke matse sassan biyu. Muddin ɗamewar nan ta fi ƙarfin da tauna ke yi na raba su toh ba abin da zai motsa. Ranar da tauna ta rinjaye ta ko da na ƙiftawar ido ne, sai mahaɗar ta ɗan buɗe, sukuru ya ɗan juya baya, gobe ma haka, har ka wayi gari kana jinsa da harshe.

Shi ya sa da ka ce da yatsu ya murɗa na ɗan tsaya. Kowane kamfani yana rubuta ƙarfin juyin da za a ɗaure sukurunsa da shi, yawanci tsakanin 25 zuwa 35 Ncm ne ga irin naka (Ncm ma'aunin ƙarfin juyi ne, guda 100 nasa ne Nm 1), ƙananan da ke riƙe gadar haƙora kuma wajen 15, kuma akwai 'yar sifana mai awo da ake amfani da ita. Ka kwatanta da notin taya da kuke kaiwa sama da 100 Nm, wato ya ninka wannan kusan sau 300. Yatsu kaɗai akan ɗan direban nan da wuya su kai 35. Ban ce bai yi amfani da sifanar ba don mutum yana kwance baki buɗe ba komai yake gani ba, amma ka tambaya. Sannan akwai abin da muke kira zaunawa: fuskar ƙarfe duk santsinta akwai 'yan tudu da sai da madubin ƙara girma ake gani, bayan an ɗaure sai su lotse, ɗamewar ta ragu da kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari, don haka da yawanmu mukan jira minti 10 mu sake ɗaurewa kafin mu rufe.

Kan ƙira kuwa, eh akwai bambanci sosai. Wanda ya fara harkar nan Per-Ingvar Brånemark ne ɗan ƙasar Suwidin, a 1952 ya lura titaniyam da ya sa a ƙashin zomo ya manne ya ƙi fita, a 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gotenbag. Tushen da ya ƙera, a kansa akwai ɗan tudu mai kusurwa shida a waje, tsayinsa milimita 0.7 kacal, kuma asali an yi shi ne don a samu wurin kamawa a murɗa tushen cikin ƙashi, ga shi kuma mutanen da yake yi wa aiki marasa haƙori ne gaba ɗaya, tushe 5 ko 6 a haɗe da gada ɗaya kowa na tallafar ɗan'uwansa. Da aka zo ana ɗora haƙori ɗaya tilo akan wannan ɗan gajeren tudun sai duk wani turi na gefe ya koma kan sukuru, kwancewa ta zama ruwan dare. Daga nan ne aka koma sa mahaɗar a ciki, mariƙi ya shige cikin tushen ya zauna, wasu mai kusurwa shida a ciki wasu kuma mai siffar mazurari. Na mazurarin nan dabarar masu injin huda ƙarfe ce, Stephen Morse ya fito da ita tun 1864 don riƙe bakin dirila. Cikin kamfanonin da ke ƙera tushen, Straumann karkatar mazurarinsu digiri 8 ne, Astra digiri 11, Bicon kuma digiri 1.5 ne su ko sukuru babu, ƙwanƙwasa shi ake yi ya cije. Amfanin mazurari shi ne bango ke ɗaukar turin gefe, sukuru aikinsa kawai ya ja ƙasa.

Gam kuwa, mu so muke ya kwantu duk ranar da muka so. In haƙorin ya ɓantare ko dasashi ya kumbura muna buƙatar cire shi mu wanke mu mayar, kuma in ka manne sukuru da tushe ranar cirewa ƙarfin da za ka sa kan ƙashin zai sauka. Washa mai sifirin kuma wurin ba fili, ga shi za ta bar rata da ƙwayoyin cuta za su samu gida.

InjiniyanƘarfe:
Likita ya gama magana, ni dai zan ƙara kan abu ɗaya da mutane basa yarda da shi sai sun auna. Cikin ƙarfin da kake sawa kana ɗaure kowane irin sukuru kusan kashi 90 cikin ɗari a gogayya yake ƙarewa, wajen rabi a ƙarƙashin kai saura a tiredi, kashi 10 ne kawai ke zama ɗamewar da ake nema. Kaga kenan sifana za ta iya nuna 35 daidai amma sukuru biyu su bada matsewa daban, ya danganta da santsin fuskarsu. Toh titaniyam kuma yana da wani hali mara kyau, in ya gogi ɗan'uwansa titaniyam cizo yake yi yana yagar fuska, shi ya sa da can aka fi son sukurun gwal mai gauraye don ya fi zamewa ya fi miƙewa, yanzu kuma sai ake yin sa da titaniyam mai daraja ta 5, wanda aka gauraya da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4, a shafe shi da baƙin rufi na kabon mai santsi ko ruwan gwal. In ka ga sukurun baƙi ne ko ruwan ɗorawa ba ado ba ne, maiko ne busasshe.

Kuma malam bakanike kai ka fi kowa sanin cewa boltin tof silinda na motocin yanzu in an kwance ba a mayar da shi sabo ake sawa. Nan ma kusan haka ne, sukurun da ya yi watanni yana rawa a ciki ya sha lanƙwasa sau dubbai kamar wayar da kake lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke, tiredinsa ya goge rufin ya kaɗe, ko an ɗaure shi da awo ba zai riƙe kamar da ba. Ni a ganina kuskure ne a sake ɗaure tsohon a karo na biyu.

Wani abu kuma, gara sukurun ya zama shi ne mai rauni a cikin tafiyar, kamar fiyus a wayarin. Wani abu dole ya bada kai in nauyi yayi yawa, toh gara ɗan sukuru akan bangon tushen ya tsage ko ƙashi ya janye. Shi ya sa maganar ƊanGaggawa ke da haɗari, in ka wuce iyaka ya daina zama sifirin ya miƙe miƙewar da ba komawa, ko ramin kan ya cinye direba ya riƙa zamewa.

MaiSifana:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wlh da kuka kawo tof silinda sai naji kunya don ni da kaina nake wa yara faɗa in sun ɗaure da hannu ba awo. Kuma tabbas tsohon ya mayar don ban ga ya buɗe wata leda ba. Amma har yanzu maganar hannun ƙanina fa, shi me ya sa nasa shiru?

'YarTiyata:
Bari in amsa wannan tunda ɗakin tiyatar ƙashi nake aiki, ni ke miƙa wa likitoci sukurun nan kullum har na haddace su da ido. Amsar a gajarce yaya, sukurun ƙaninka ya daɗe da yin ritaya. Aikinsa na wata 3 zuwa 4 ne, ya riƙe karaya har ƙashi ya haɗe, daga nan ƙashin ya karɓi nauyinsa ƙarfen yana kwance kawai. Mu kan ce tsere ne tsakanin warkewar ƙashi da gajiyar ƙarfe, kuma in ƙashi ya ƙi haɗewa wallahi farantin ma karyewa yake ko sukuru su zazzago, na ga haka ba sau ɗaya ba. Naka kuwa ba ranar hutu, kullum sai ya sha tauna ɗaruruwa har ƙarshen rayuwa.

Kuma ƙirar ma ba ɗaya ba ce don namu cikin ƙashi suke shiga kai tsaye. Wata ƙungiyar likitoci da ake kira AO da aka kafa a Suwizalan a 1958 ita ta daidaita yawancin girman da ake amfani da su har yau. Na ɓawon ƙashi mai tauri tiredinsa ƙanana ne kusa da kusa, misali mai kaurin milimita 4.5 tazarar tiredinsa milimita 1.75, na ƙashi mai kama da soso irin na kusa da gaɓoɓi kuma tiredinsa fuka-fukai ne masu zurfi da nisa, mai kaurin 6.5 tazararsa 2.75, don ya samu abin kamawa a wuri mai taushi. Kuma in ka duba tiredin da kyau ba kamar na bolti ba ne mai gefe biyu iri ɗaya, gefen da ke kallon kai a miƙe yake kamar matakala don in an ja shi waje ya tokare.

Wanda ya fi burge ni shi ne dabarar matse karaya. Sai a huda ɓarin ƙashi na kusa da faɗi daidai kaurin sukurun yadda zai wuce zuruf bai kama komai ba, ɓari na nesa kuma a huda shi ƙarami, ga 4.5 dirila 3.2 ake sawa, toh da an ɗaure tiredi na jan na nesa kai na danne na kusa sai ka ga layin karayar ya rufe a gaban idonka har ɗan jini ya tsatso. Akwai kuma wanda ake kira sukurun Herbert da aka fito da shi a 1984 don wani ɗan ƙashin wuyan hannu, shi ba shi da kai sam don kar ya gogi gaɓa, tiredin gaba ya fi na baya tazara, kowane juyi gaba ya fi baya tafiya sai ɓarin biyu su matso, ya nutse cikin ƙashi gaba ɗaya.

Wanda ya fi kama da naka shi ne sukuru mai kullewa, kansa ma tiredi ne kuma ramin farantin tiredi ne, sai ya kulle a jikin faranti ƙarfe da ƙarfe, yana da amfani sosai ga tsofaffi masu ƙashi mara ƙwari. Toh mu matsalarmu da shi kishiyar taka ce, ƙin fita yake. In aka ɗaure ya wuce kima ko ya shiga a karkace sai titaniyam ɗin ya manne da farantin kamar an yi walda, ranar cirewa a sha wuya wani lokaci sai an cinye kan da dirila. Shi ya sa direbansa yana da abin da ke yin ƙas ya saki in ya kai awo, na sukuru mai kaurin milimita 3.5 a 1.5 Nm yake tsayawa. Kaga mu ma ba a barinmu mu ɗaure da son rai.

LikitanHaƙori:
Madalla da 'yar'uwa, na ƙaru. Bari in ƙara abu ɗaya da ban faɗa ba. Haƙorin da Allah ya halitta ba a manne yake da ƙashi ba, rataye yake da wasu 'yan zaruruwa da ke ba shi damar nutsewa kaɗan in an ciza, wajen maikuron 25 zuwa 100 (maikuron 1000 ne milimita ɗaya), wato yana da shokazoba, kuma su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ka sassauta ka ciji tsakuwa. Na dashe ba shi da wannan, motsinsa bai wuce maikuron 3 zuwa 5 ba. Toh in haƙorin ya ɗan fi maƙwabtansa tsayi ko da kaurin gashi ne, su za su nutse shi ya tsaya ƙiƙam ya kwashi nauyin duka, kuma matauni ne inda ƙarfin cizo ya fi yawa, ga faɗin kansa ya fi tushen da ke ƙasa, duk cizon da ya sauka a gefe sai ya zama kamar kana danna ƙarshen sifana. In kuma kana cikin masu niƙa haƙora cikin barci toh magana ta ƙare.

Saboda haka sau biyu cikin shekara ɗaya ni ba zan ɗaure kawai in sallame ka ba. Zan cire haƙorin gaba ɗaya in duba bakin tushen ko kusurwoyin sun cinye ko akwai tsaga, in wanke ramin ya bushe, in sa sabon sukuru na ainihin kamfanin da ya yi tushen don na kwaikwayo yakan shiga amma zaman kansa ba lallai ya dace ba, in ɗauki hoto in tabbatar mariƙin ya zauna har ƙasa bai cije dasashi ba, in ɗaure da awo in jira in sake, sannan in ba ka takardar nan mai shuɗi ka ciza in ga inda yake fara taɓawa in rage. Ka kuma nemi a rubuta maka sunan kamfani da girman tushenka ka ajiye, don direbobin ma ba ɗaya ba ne, wani kusurwa shida wani tauraro, in ka je wani wuri babu wannan bayanin sai an yi ta lalube.

Kuma ka gode da naka mai rami a sama ne. Akwai wanda ake manne haƙorin da siminti akan mariƙi, in sukurun ciki ya saki sai an yi canke an huda haƙorin ana neman kansa, wani lokaci a yi asararsa, ga ragowar siminti da kan maƙale ƙarƙashin dasashi ya jawo kumburi har ƙashi ya fara zaizayewa. Da can haƙoran gaba ne ke tilasta mana siminti don ramin zai fito ta fuska, yanzu an yi sukuru mai kai na musamman da direba mai dunƙulallen baki da ke iya juya shi a karkace har digiri 25, sai a karkatar da ramin ya fito ta baya.

MaiSifana:
Na dawo da labari. Jiya naje na faɗa masa duk abin da kuka ce, bai ji haushi ba ko kaɗan dariya ma yayi yace yau ya haɗu da abokin sana'a. Ya cire haƙorin, tushen lafiya lau alhamdulillah, amma da na ciji shuɗiyar takardar sai ga tabo ɗaya babba a gefen waje na haƙorin sauran kuma da ƙyar suka taɓa, ya rage wurin. Ya buɗe sabon sukuru a gabana, baƙi ne kamar yadda Injiniya ya faɗa, ya nuna min sifanar a kan 35 kafin ya sa, muka zauna muna hira ya sake ɗaurewa kuma sai da ya ɗan ƙara juyawa kaɗan, naji shi a muƙamuƙina. Sannan ya tambaye ni ko ina niƙa haƙora da dare nace a'a, na dawo gida na tambayi uwargida tace shekara nawa tana jin ƙarar kamar ana jan buhun tsakuwa ta ɗauka na sani. Sati mai zuwa zan koma a auna min robar da ake sawa a baki lokacin barci.

Tsohon sukurun na roƙa ya bani, na duba shi da gilashin da nake duba filogi, tiredi uku na sama sun yi ƙyalli sun goge kuma can ƙasan kai akwai wani ɗan siririn layi da ya zagaye kusan rabi. UwarBiyu inaga saura ƙiris da na bi sahunki.